Ranau da Turbar Gurguwa

Tun kafin a yanka hanyar mota, tun kafin a kafa kasuwar Laraba, a zamanin da wurin da garin Rafin Gwamma yake yau ba kowa sai ɓauna da gwanki da ƙudan tsando, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Tsofaffin garin ba su taɓa yarda da juna a kan shekarun ba. Wani ya ce zuriya bakwai ke nan, wani ya ce tara, a yi ta musu har a tashi baram-baram. Amma a kan halin mutumin bakinsu ɗaya ne: Allah bai yi wa Ranau zama ba.

Dogo ne, siriri, baƙi wuluk. Ba a taɓa ganin ya ci tuwo a zaune ba. A tsaye yake kai loma, ƙafa ɗaya a kan turmi, ido a kan hanya. In kana yi masa magana sai ya yi ta zagaya ka har ka ji jiri. Dazuzzuka goma sha ɗaya ya sani, ya kwana a kowanne, bai yi damina biyu a ko ɗaya ba. Makaɗan maharba in suka hango shi sai su ɗauka:

"Ranau na Gwamma, guguwar tsakar rana,
Mai kwana da takalmi,
Tabarma ba ta san bayanka ba."

Gwamma ɗin mahaifiyarsa ce. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa yaba masa a gaban idonsa ba. "Kai wannan" take ce masa. A lokacin da abin nan ya faru ta tsufa tukuf, gwiwoyinta sun kumbura, sai da sanda take motsi. Bakinta ne kawai bai tsufa ba.

Garinsu na asali, Tudun Maje, ƙasarsa ta gaji. Gero ba ya wuce ƙugu, rijiya sai an haɗa igiya uku. A cikin yawonsa ne Ranau ya faɗo wani kwari mai baƙar ƙasa, da rafi a tsakiyarsa wanda ko a tsakiyar bazara ba ya ƙafewa. Ya koma gida ya yi ta kururuta wurin, har gida bakwai suka ɗaure kaya suka bi shi, tafiyar kwana uku. Gwamma a kan jaki aka kawo ta. Babban tafiyar shi ne Nomau, sarkin nomansu, gajere kakkaura mai sanƙo, mutumin da ba ya yarda da abu sai ya murza shi a tafin hannu. Da suka iso ya durƙusa ya murza ƙasar, ya shinshina, ya ce ba laifi. Sannan ya tambayi inda idon ruwan yake.

Tambayar tana da dalili. Mutanen nan suna da al'adar da suka gada: ba a jefa iri a sabuwar ƙasa sai macen da ta fi kowa shekaru ta taka da ƙafarta, ba goyo ba jaki, ta je har inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ta ɗebo da ƙwaryarta, ta dawo ta zuba tsakanin duwatsun murhun farko. Masu saurin baki na yanzu za su ce camfi ne. Ba su yi tunani ba ne. Mutanen da suka kafa dokar sun san wata rana kowa zai tsufa, sun kuma san in fari ya zo gindin rafi ke fara bushewa, idon ne ke saura. Wurin da tsohuwa ba za ta iya kai kanta ga ruwansa ba, a ganinsu sansanin maharba ne, ba gari ba.

Ranau ya nuna wasu duwatsu can arewa da leɓe, ya ce ai ga shi nan, kafin mutum ya gama tauna goro ɗaya ya je ya dawo. Bai yi ƙarya ba. Da ƙafarsa ya auna.

Washegari da hantsi ya shige gaba, Gwamma na biye da ƙwarya da sanda. Hanyarsa ta maharbi ce, miƙaƙƙiya kamar kibiya, ba ta kauce wa komai. Ba su yi nisa ba suka ci karo da dutse iya ƙirji. Kafin tsohuwa ta ɗaga kai har ya haye, yana can sama yana miƙo mata hannu, yana cewa irin wannan sauran tara ne kawai. Ta dubi dutsen, ta dube shi.

"Kai wannan," in ji ta, "biri aka gaya maka ta haife ka?"

Ya diro ya juya mata baya, ya ce ta hau, ba mai gani. Ta ɗaga sanda. Da bai yi tsalle ba da ya sha ta a gadon baya. Ta juya ta koma sansani.

A ranar ne shamuwa ta farko ta sauka a kan wata tsamiya, alamar damina ta ƙarato. Nomau ya daɗe yana kallonta, sannan ya tara magidanta ya yanke magana. In ruwan farko ya sauka ba a zuba ruwan ido a murhu ba, za su koma Tudun Maje su yi shuka a tsofaffin gonakinsu, ko a makare ne. Gajiyayyar ƙasa ta fi babu. Ranau ya yi ta zagaya shi yana rantsuwa, yana tuna masa baƙar ƙasar da ya murza da hannunsa. Nomau ya bar shi ya gama, ya ce, "Ɗan Gwamma, 'ya'yana ba kirarinka za su ci ba."

Ranau ya ɗauki gatari. Kwana uku yana sara ta gefen rafi, cikin gumbi da sarƙaƙiya, jikinsa duk ƙaya ta yayyage. Ya fitar da hanya ba hawan dutse, ya yi murna. Abin da bai lissafa ba shi ne hanyar ta tsallake rafin sau huɗu, kowane tsallake a kan duwatsun da ke tsakaninsu taki ɗaya ne, takin Ranau. Da suka zo na farko ya tsallake, ya dawo, ya sake tsallakewa, wai yana nuna mata sauƙinsa. Gwamma ta ga ba za ta iya ba, ta tattare zane ta shiga ruwan. Yana can tsallake yana kiranta ta yi sauri. Ta ɗaga ido ta dube shi, ƙafarta ta hau gansakuka, ta zame ta faɗi a kan ƙugu. Sai a kan makara ta karan dawa aka mayar da ita. Kwana biyu ba ta tashi ba.

Mata suka fara ɗaure tukwane. Da la'asar gabas takan yi duhu, ta yi gunguni, ta washe. Ranau ya rasa inda zai sa kansa. Ya hau dutse ya sauko, ya wasa gatarin da ya riga ya wasa. A rana ta biyu ya fizgi ƙwaryar uwarsa, ya bi hanyarsa ta sama a guje, ya ciko ta a idon ruwa, ya lallaɓa ya shiga bukkarta ta baya. Ya ajiye a gabanta, ya rage murya ya ce gobe da sassafe ta ɗan fita bayan sansani ta dawo da ita a hannu, shi zai shaida ta je. Wa zai ƙaryata shi?

Gwamma ta jawo ƙwaryar, ta miƙe ƙafafu, ta kwarara ruwan a kan gwiwoyinta a hankali har ya ƙare. Ta ce madalla, gwiwa ta ji sanyi. Ta ce kuma in yana son kafa gari a kan ƙarya ya nemi wata uwar, ita tata ƙwaryar ba ta ɗaukar irin wannan ruwan.

Da gari ya waye Nomau ya same shi ya ce tunda hanya ta gagara, ya yi abin da ya iya, ya harbo musu nama su yi guzurin komawa. Ranau ya rataya kwari da baka ya fita, zuciyarsa na tafasa.

A bakin rafi, bai fi jifa biyu daga sansani ba, ya ga sawu. Kofato uku sun nitse, na huɗu jan ƙasa yake. Ya san sawun. Wata tsohuwar ɓauna ce mai farin tabo a goshi, wadda shi da kansa ya harba a cinya shekara uku da suka wuce, ranar da ya fara shigowa kwarin. Dafin da ke kashe giwa bai kashe ta ba, ya dai bar ta gurguwa. Maharba na cewa irin wannan ba dabba ce kawai ba, akwai mai ita a cikin iskoki. Ranau bai damu da mai ita ba. Nama ya gani.

Kashinta da ɗumi, tana gabansa kaɗan. Duk maharbi ya san ba a yi wa ɓauna gaggawa. In ta ji motsinka ko ta shaƙi warinka, ko dai ta ɓace ko ta juyo ta tsire ka. Dole ya bi ta da nata takin. Ita kuwa ba ta da abin da take sauri a kai. Ta bi gaɓar hagu, duk inda rafi ya lanƙwasa ta lanƙwasa da shi. Inda dutse ya tare gaba ta zagaya bayan wani ɓaure ta shige wani tsagi da Ranau ya wuce ta samansa sau ɗari bai taɓa gani ba. Sau ɗaya tak ta tsallake ruwa, a wani shimfiɗaɗɗen yashi inda ruwan bai wuce idon sawu ba. Ga kuma hutu. Ta yi tafiya kaɗan ta sami inuwa ta kwanta tana tuƙa, shi kuwa yana laɓe can baya yana cizon leɓe, yana zaginta a zuci har kakanninta. Sau bakwai tana yi masa haka. Ciyayi da duwatsu ba su ba shi sararin harbi ba ko sau ɗaya.

Rana ta take tsaka sai ya ji ƙarar ruwa na zuba a kan dutse. Ya leƙa. Ga ɓauna a fili, ta ba shi haƙarƙari, taki goma tsakaninsu, tana shan ruwa. Ya ɗana kibiya, ya ja baka har kunne. Sai a lokacin ya gane wurin. Idon ruwan ne. Ya dubi tafin hannunsa na hagu da ke riƙe da baka, ba ƙura ba ƙwarzane. Tun daga sansani har nan bai dafa dutse ba, bai yi tsalle ba, bai ɗaga ƙafa sama da ƙauri ba.

Ya waiwaya don ya ga ta inda suka fito, ya rasa. Duk tafiyar nan idonsa na kan sawu da kan dabba, bai kalli hanya ba, kuma rabinta a kan fako da falalen dutse aka yi, inda kofato ba ya barin alama. Mai hanyar ɗaya ce a duniya, ga ta a bakin kibiyarsa. In ya saki, gida bakwai sun sami guzurin komawa Tudun Maje.

Ɓaunar ta ɗago kai, ruwa na ɗiga daga bakinta, ta dube shi. Masu ba da labari sun ce kallon da ta yi masa irin na Gwamma ne sak. Ranau ya sassauta baka, ya mayar da kibiya cikin kwari, ya zaro wuƙa. Da ta gama ta juya ta kama gangara, ya bi ta, yana tsaga alama a jikin kowace bishiya, yana jera tsakuwa a kan kowane falale.

Da yamma liƙis ya shigo sansani hannu wofi. Nomau ya leƙa kwarinsa, ya ƙirga, ya ce ya fita da kibiya goma sha biyu ya dawo da goma sha biyu, lallai an yi farauta. Ranau ya ba su labarin gurguwar ɓauna da hanyar da ta nuna masa. Ya ce a ara masa fartanya, a ba shi kwana biyu. Nomau ya dubi gabas, ya ce, "Gobe da jibi. Gata da safe jakuna na kan hanya."

Aikin bai yi masa daɗi ba, kada wani ya ce maka ya yi. Hanyar gurguwa ta ninka tasa sau uku, duk lauje-lauje, hannunsa na ta ƙaiƙayin ya miƙar da ita. A wata lanƙwasa ya kasa daurewa ya yanke ta kai tsaye, ya sha sara har azahar, sai ga shi a bakin wani gangare iya gwiwa. Ya tsaya ya dube shi da idon gwiwar uwarsa. Ya yi tsaki, ya toshe wurin da ƙaya, ya koma kan alamunsa. A wurare bakwai ɗin da ɓauna ta kwanta ya gangaro da faffaɗan duwatsu ya kafa a inuwa. A rana ta biyu wasu magidanta suka bi shi da fartanya, wai kallo suka zo.

Ranar gata gari ya waye da zafi mai nauyi, ba iska ko kaɗan. An ɗora wa jakuna kaya. Gwamma ta fito daga bukka da ƙwarya da faifai da sanda. Ranau ya zabura zai shige gaba, ta tare shi da sandar.

"Bayana za ka bi. Duk sanda na ga ƙeyarka a gabana sai ƙafata ta manta shekarunta, shi ya kayar da ni. Ka wuce ni da taki ɗaya, na koma."

Haka aka jeru. Tsohuwa a gaba, guguwar tsakar rana a bayanta, sai mata da goyo, da masu ciki, da 'yan tatata, Nomau a can ƙarshe yana waiwayen sama. Rafi na gudu a damansu, inuwar kanya da ɗinya ta rufe su. Ta kai dutsen farko ta zauna. Ranau ya yi ta zagaya dutsen. Ta tashi, ta kai na biyu, ta zauna, ya zagaya. A mashigin yashi ta tattare zane ta ratsa, ruwan bai kai mata ƙauri ba. A dutse na biyar ta kwance bakin zane ta ɓalli goro, ta shiga tauna da sauran haƙoranta, a daidai lokacin da gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye.

"Inna, hadari," in ji Ranau.

"Na gan shi."

A dutse na shida abin ya daina zama na dariya. Ba zama ta yi ba, zubewa ta yi. Numfashinta na fita da ƙyar, ƙwaryar ta suɓuce ta gangara sai da wata mata ta tare. Aka yi tsawa. Daga nan ana jin ƙarar idon ruwan, amma Gwamma ko kai ba ta iya ɗagawa.

Nomau ya ratso mutane ya zo. Ya ga baƙar ƙasar nan, ya ga hanyar, zuciyarsa ta riga ta sauka a kwarin. Ya matso kusa da Ranau ya ce masa a hankali ya ɗauke ta kawai, sauran kaɗan ne, kowa zai kalli wani wajen.

Kowa ya san abin da Ranau na jiya zai yi. Ya dubi hadarin, ya dubi uwarsa. Ya cire kwari ya jingine, ya kwance takalmansa, ya zauna a ƙasa daram kusa da ƙafafunta, ya harɗe.

"Za ta kai, Baba Nomau," ya ce. "Wadda ta nuna mini hanyar ma a nan ta fi daɗewa."

Akwai waɗanda suka girma tare da shi ba su taɓa ganin mazaunansa a ƙasa ba. Iska na watsa musu ganye, tsawa na matsowa, Ranau na zaune bai ko motsa yatsa ba. Gwamma ta buɗe ido ta gan shi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu, ba gare shi ba, ga sandarta.

Ta kai dutse na bakwai, ta kai idon ruwa. Ta durƙusa da kanta ta cika ƙwarya, ta rufe da faifai. Komowa gangara ce mai sauƙi, iska kuma na tura ta ta baya. Duk da haka ba ta tsallake dutse ko ɗaya ba ta zauna ba. Suna hango sansani aka fara yayyafi. Ta isa murhu, ta kware faifai, ta kwarara ruwan tsakanin duwatsu uku, sama ta tsage kamar jira take. Wani mai tsaurin ido ya ce ai ɗigon farko ya riga ƙwarya sauka. Nomau, da ruwa ke gangaro masa daga sanƙo, ya ce shi dai bai ji komai ba, a sauke kayan jakuna, a fito da iri.

Da aka natsa, Nomau ya je gaishe da tsohuwa, ya tambaye ta yadda ta ga hanyar ɗanta. Ranau na tsaye a ƙofar bukka, ya kasa kunne. Gwamma ta gyara zama ta ce, "Ɓaunar nan tana da hankali."

An ce dariyar da Ranau ya yi ranar har jakuna sai da suka firgita.

Ya hana harbin ɓauna a kwarin, hanin da ya daɗe bayan ɓaunar kanta ta ƙare. Ya yi damina huɗu a garin, abin da bai taɓa yi a ko'ina ba, yana bin bayan uwarsa zuwa ido duk sanda ta ga dama. Shekarar da ta rasu, bayan an kai amfanin gona gida, ya rataya kwarinsa ya yi yamma. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Garin ma ba sunansa ya ɗauka ba, nata ya ɗauka, hanyar kuma ta ɗauki na gurguwa.

Turbar tana nan. In ka sauka a tasha ka bi ta bayan makarantar firamare, za ka same ta a gindin tsamiya. Ran Juma'a bayan la'asar gidaje kan fito da tabarmi da rake da dafaffiyar gyaɗa, a taka har ido, yara su yi wasa a mashigin yashi, a dawo kafin magariba. Doka ɗaya ce: wanda ya fi kowa rashin sauri shi ne a gaba, tsohuwa ce ko mai koyon tafiya, ba a kuma wuce shi. Bara wani ɗan birni ya shigo da babur yana danna wa kakar mutane ham, mata suka tare shi, sai da ya tura abinsa da hannu a bayanta har dutse na bakwai.

Duwatsun na nan su ma, sun yi sulɓi don zama. Shida daga ciki kowanne da zobe na fako kewaye da shi, inda ciyawa ba ta tsirowa ko a tsakiyar Agusta, sawun mutumin da ya kasa tsayawa. Dutse na shida ne kaɗai ba shi da zobe. Ɗan kwarmi ne a gefensa, daidai zaman mutum ɗaya. Iyaye kan kawo yaron da ya cika rawar ƙafa su zaunar da shi a ciki, su ce ya jira kakarsa ta huta.